Ƙarar ɓata suna da 'yancin sukar masu mulki: nazarin shari'ar New York Times da Sullivan

A ranar 29 ga Maris, 1960, jaridar New York Times ta buga wata talla mai cike da shafi guda, wadda wani kwamitin masu kare Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka, ya biya kimanin dala 4,800 kuɗin bugawa. Gudummawar kuɗi ake nema da ita, domin a lokacin jihar Alabama ta gurfanar da King bisa zargin rantsuwar ƙarya a takardun harajinsa, ga kuma ɗalibai baƙar fata da ke zaman dirshan a wuraren cin abinci na kudancin Amurka, ana kamawa ana kora daga makarantu. Sunayen mutum 64 ne suka fito a ƙarƙashin rubutun, cikinsu har da Eleanor Roosevelt da A. Philip Randolph da Harry Belafonte, sannan aka ƙara wani jerin sunaye 20 waɗanda galibinsu limaman coci ne na kudu. Wannan tallar ce ta haifar da hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a ranar 9 ga Maris, 1964, wanda ya sauya ƙa'idar da jami'in gwamnati zai bi kafin ya ci diyya a kan wanda ya soke shi.

Dole a fara da abin da ba shi da daɗin ji ga masu goyon bayan jaridar, wato cewa akwai kurakurai a cikin tallar, kuma lauyoyin jaridar ba su musa ba. Tallar ta ce ɗaliban kwalejin jihar Alabama sun rera wata waƙar kishin ƙasa a matakalar ginin majalisar jiha da ke Montgomery, alhali taken ƙasa suka rera. Ta ce an kori jagororinsu saboda wannan zanga-zanga, alhali ɗalibai tara da aka kora an kore su ne saboda sun nemi a sayar musu da abinci a wurin cin abinci na ginin kotun gunduma. Ta ce 'yan sanda ɗauke da bindigogi da barkonon tsohuwa sun yi wa harabar kwalejin ƙawanya, alhali an jibge su da yawa a kusa da ita har sau uku amma ba su kewaye ta ba. Ta ce an kama King sau bakwai, alhali sau huɗu ne. Mafi nauyi a cikinsu shi ne cewa hukumomi sun garƙame ɗakin cin abincin ɗalibai da kwaɗo domin yunwa ta tilasta musu miƙa wuya, abin da bai taɓa faruwa ba. Duk da haka, ginshiƙin labarin gaskiya ne wanda kowa ya sani a Montgomery: ana muzguna wa masu neman 'yanci, an jefa bam a gidan King, an kuma kori ɗalibai saboda sun ƙi yarda da wariyar launin fata.

L. B. Sullivan yana ɗaya daga cikin zaɓaɓɓun kwamishinoni uku na birnin Montgomery, kuma sashen 'yan sanda da na kashe gobara suna cikin abin da yake kula da su. Babu inda tallar ta ambaci sunansa ko muƙaminsa. Hujjarsa ita ce duk inda aka ce 'yan sanda to shi ake nufi, tunda shi ne ke sa ido a kansu. Kuma tunda 'yan sanda ne ke kama mutane, to waɗanda aka ce sun kama King su ne kuma mai karatu zai ɗauka sun kai wa gidansa harin bam ɗin da tallar ta ambata, saboda haka laifin bam ɗin ma a wuyansa aka rataya. Alhali an kai hare-haren ne tun kafin ya hau muƙamin. Kwafen jaridar da suka shiga jihar Alabama a ranar ba su wuce kimanin 394 ba daga cikin kusan 650,000 da aka buga, kuma kimanin 35 ne kacal suka isa gundumar Montgomery.

Dokar Alabama ta wancan lokaci, wadda ba ta bambanta sosai da ta sauran jihohi ba, ta sauƙaƙa wa mai ƙara aiki matuƙa. Da zarar alƙali ya ce kalaman na iya zubar da mutuncin mutum, sai a ɗauka ƙarya ne, a kuma ɗauka sun cutar da shi, ba tare da ya nuna asarar ko sisi ba. Mafita ɗaya ta rage wa wanda ake ƙara, ita ce ya tabbatar da cewa abin da ya faɗa gaskiya ne ta kowace fuska, dalla-dalla. Dokar ta kuma ce jami'i ba zai nemi diyyar ladabtarwa ba sai ya fara rubuta takardar neman a janye maganar. Sullivan ya rubuta, jaridar ta amsa masa da tambayar ta wace hanya yake ganin tallar ta shafe shi, shi kuwa bai mayar da amsa ba, sai ya garzaya kotu. Ya haɗa da limamai huɗu baƙar fata 'yan Alabama a cikin ƙarar: Ralph Abernathy, Fred Shuttlesworth, S. S. Seay da Joseph Lowery. Dukkansu sun shaida cewa ba a nemi izininsu ba kafin a sa sunayensu, ba su ma san da tallar ba sai da takardar Sullivan ta iso. Amfanin haɗa su a fili yake ga duk wanda ya san tsarin kotunan Amurka, domin kasancewar 'yan jihar a cikin waɗanda ake ƙara ya toshe wa jaridar hanyar mayar da shari'ar kotun tarayya.

An yi shari'ar a farkon Nuwamba 1960 a gaban alƙali Walter B. Jones, mutumin da bai ɓoye goyon bayansa ga wariyar launin fata ba, kuma masu taimaka masa yanke hukunci su 12 duk farar fata ne. Ko a rubutaccen bayanin zaman kotun ana iya ganin yanayin ɗakin, domin lauyoyi farar fata da laƙabin girmamawa aka riƙa kiransu, lauyoyi baƙar fata irin su Fred Gray kuwa sai dai a ce Lauya wane. Shaidu shida mazauna Montgomery sun ce da suka karanta tallar sun fahimci Sullivan ake nufi, amma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya ce ya yarda da abin da ya karanta, kuma Sullivan bai yi yunƙurin nuna ya yi asarar kuɗi ba. Bayan shawarar da ba ta kai awa uku ba, aka ba shi dala 500,000, wato duk abin da ya nema. Kotun Ƙolin Alabama ta tabbatar da hukuncin a watan Agusta 1962.

A ganina, ba za a fahimci wannan shari'a ba muddin aka ɗauke ta a matsayin rikicin mutum ɗaya da jarida ɗaya. Babu alamar mutuncin Sullivan ya ragu a idon masu zaɓensa. Mai Shari'a Hugo Black na Kotun Ƙolin Amurka, wanda shi kansa ɗan Alabama ne, ya lura daga baya cewa a yanayin da ake ciki mai yiwuwa tallar ma ƙara masa daraja ta yi. Fakewa da guzuma aka yi domin a harbi karsana, kuma karsanar ita ce labarin da jaridun arewacin Amurka ke kai wa sauran ƙasar game da abin da ake yi wa baƙar fata a kudu. Gwamna John Patterson ya shigar da tasa ƙarar ta dala miliyan ɗaya a kan tallar, duk da cewa jaridar ta buga janye magana dominsa, wasu jami'an birnin ma suka bi sahu. Zuwa 1964, kamar yadda Black ya lissafa, akwai ƙararraki 11 a Alabama da ke neman dala miliyan 5.6 daga New York Times, da wasu biyar da ke neman dala miliyan 1.7 daga gidan talabijin na CBS. Lauyoyin jaridar suka ba ta shawarar ta hana wakilanta shiga jihar don kada a miƙa musu sammaci, kuma ta bi shawarar na tsawon lokaci, a daidai lokacin da labari ya fi zafi. Limaman kuwa, da ba su da kuɗin ajiya na ɗaukaka ƙara, an ƙwace motoci da filaye daga hannunsu aka yi gwanjo. Ashe tun kafin maganar ta kai Washington, ƙarar ta riga ta biya wa masu ita wani ɓangare na buƙatarsu.

Hanyar jaridar a Kotun Ƙoli ba mai sauƙi ba ce, domin kotun ta sha faɗa a baya, misali a 1942 da 1952, cewa kalaman ɓata suna ba sa cikin abin da gyaran farko na kundin tsarin mulki, wanda ya tanadi 'yancin faɗar albarkacin baki da na jarida, ya kare. Lauyan Sullivan, M. Roland Nachman, a kan wannan ya tsaya, kuma bisa dokar da aka sani a lokacin yana da madafa. Herbert Wechsler, malamin shari'a a Jami'ar Columbia wanda ya tsaya wa jaridar a zaman Janairu 1964, sai ya ɗauki maganar daga wani gefe. Ya ce abin da Alabama ta yi, ko da wane suna aka kira shi, hukunta sukar gwamnati ne, kuma Amurka ta daɗe da yanke wa kanta hukunci a kan wannan tun zamanin dokar tunzura jama'a ta 1798.

Dukkan alƙalai tara suka soke hukuncin Alabama, kuma Mai Shari'a William Brennan ne ya rubuta ra'ayin kotu. Ya fara da kawar da ƙananan shingaye biyu cikin hanzari. An ce ƙarar tsakanin mutane ce, babu hannun gwamnati. Ya ce kotun jiha da ke aiki da dokar jiha ikon jiha take amfani da shi, saboda haka gyara na 14 na kundin tsarin mulki, wanda ya wajabta wa jihohi mutunta wannan 'yanci, ya ɗaure ta. An ce talla ce ta kuɗi. Ya ce biyan kuɗin shafi bai rage mata matsayi ba, kamar yadda sayar da jarida da littafi bai rage musu ba, kuma irin wannan talla ita ce ƙofar da waɗanda ba su da jaridar kansu ke bi su isa ga jama'a.

Daga nan ya shiga zuciyar maganar. Ya ce ƙasar ta ɗaura wa kanta aniyar cewa muhawara a kan al'amuran jama'a ta kasance a sake, mai ƙarfi, a buɗe, kuma babu mamaki ta ƙunshi suka mai zafi da ɗaci a kan gwamnati da jami'anta. Ya koma kan dokar 1798, wadda ta mayar da rubutun ƙarya da ƙazafi a kan gwamnati ko majalisa ko shugaban ƙasa laifi mai tara da ɗauri. Ita ma wannan doka ta yarda mutum ya kare kansa da gaskiya, amma hakan bai hana ta zama bulalar dukan 'yan adawa ba. Wa'adinta ya ƙare a 1801, Thomas Jefferson ya yi wa waɗanda aka ɗaure afuwa, majalisa kuma ta mayar da tarar da aka karɓa. Brennan ya ce ko da yake ba a taɓa gwada dokar a gaban Kotun Ƙoli ba, tarihi ya riga ya yanke mata hukunci. To abin da jiha ba ta da ikon yi da dokar laifi, ba za ta yi shi ta hanyar ƙarar diyya ba, musamman ganin cewa tarar laifin ɓata suna a Alabama ba ta wuce dala 500 ba, diyyar da aka ba Sullivan kuwa ta ninka ta sau dubu, kuma babu abin da ya hana wani jami'in sake kai ƙara a kan rubutu ɗaya.

Ɓangaren da ya fi ƙarfi a hukuncin, a fahimtata, shi ne amsar tambayar da kowane mai hankali zai yi: me ya sa doka za ta kare maganar da ba daidai ba? Brennan ya ce kuskure abu ne da ba makawa a muhawara ta 'yanci, kuma idan aka ce mai suka sai ya lamunce gaskiyar kowace kalma, in ba haka ba ya biya diyya marar iyaka, to ba ƙarya kaɗai za a kora ba. Mutumin da ya tabbata abin da ya sani gaskiya ne zai kama bakinsa, saboda bai san ko zai iya tabbatarwa a gaban kotu ba, ko kuwa ba shi da kuɗin yin hakan. Wannan ya dace da yadda labarin zalunci ke fitowa. Shaidun da suka gani da idonsu sukan ji tsoron tsayawa a kotu, takardun da za su tabbatar da maganar suna hannun wanda ake suka, kuma mai ba da labari yana rubutu ne a cikin ruɗani da gaggawa. Wanda ya ce an kama King sau bakwai maimakon huɗu ya yi kuskure, amma bai yaudari kowa ba game da abin da ke faruwa a Alabama.

Ƙa'idar da kotu ta kafa ita ce jami'in gwamnati ba zai ci diyya a kan maganar ƙarya da ta shafi aikinsa ba, sai ya tabbatar, da hujja bayyananniya mai gamsarwa, cewa mai maganar ya san ƙarya ce, ko kuwa ya yi ganganci bai damu da ko gaskiya ce ko ƙarya ba. Abin da ake aunawa shi ne sanin mai magana game da gaskiyar maganarsa; ƙiyayyarsa ga jami'in ita kaɗai ba ta isa ba. Brennan ya kawo wata hujja ta daidaito wadda take da nauyi: tun 1959 kotun ta kare jami'an tarayya daga ƙarar ɓata suna a kan abin da suka faɗa a bakin aikinsu, don kada tsoron kotu ya hana su aiki. Idan an ba mai mulki wannan kariya, to ɗan ƙasa da ke sukarsa ma ya cancanci makamanciyarta, domin suka aikinsa ce kamar yadda mulki yake aikin jami'i.

Kotun ba ta tsaya a kafa ƙa'ida ba, sai da ta auna hujjojin da kanta, kuma dalilin bai ɓuya ba: da ta mayar da shari'ar Montgomery haka kawai, da an sake yanke hukunci iri ɗaya da sababbin kalmomi. Ta ce gaskiya ne ma'aikatan sashen talla ba su duba labaran da jaridar ta buga da kanta ba, waɗanda da sun nuna musu kurakuran, amma sun dogara ne da sunayen mutanen da suka sani da mutunci da kuma wasiƙar Randolph, kuma iyakar abin da za a kira wannan shi ne sakaci. Limaman kuwa babu wata shaida da ta nuna sun san da kuskure. Sannan ta rushe tushen ƙarar gaba ɗaya, inda ta ce ba za a ɗauki sukar da aka yi wa wani sashen gwamnati a mayar da ita ɓata sunan shugaban sashen ba, domin yin haka shigo da laifin ɓata sunan gwamnati ne ta bayan gida. Black da Arthur Goldberg, tare da William O. Douglas, sun so a wuce nan, a ba sukar aikin jami'i cikakkiyar kariya, domin a ganin Black mugun nufi, wato sunan da kotun ta ba wannan ma'auni na sani ko ganganci, abu ne mai wuyar tabbatarwa kuma mai wuyar ƙaryatawa, masu taimaka wa alƙali da ke da ƙiyayya za su iya ganinsa a duk inda suka ga dama.

Ƙa'idar ta yi ta faɗaɗa cikin 'yan shekaru. A cikin 1964 ɗin aka shimfiɗa ta a kan tuhumar laifin ɓata suna a shari'ar Garrison, a 1967 aka haɗa da fitattun mutane waɗanda ba jami'ai ba, a 1968 aka fayyace cewa ganganci na nufin mai bugawa ya yi shakka mai tsanani a ransa amma ya buga, a 1974 kuma shari'ar Gertz ta ja layi, ta ce mutumin da ba fitacce ba zai iya cin diyyar cutar da ya sha idan ya nuna sakaci. Ba a rufe ƙofa gaba ɗaya ba. A 1989 kotun ta tabbatar da nasarar wani ɗan takarar alƙalanci a jihar Ohio, saboda jaridar da ta zarge shi ta ƙi tuntuɓar babbar mai shaida, ta kuma ƙi sauraren faifan da aka ba ta, wato da gangan ta kau da kai daga gaskiya. A 2023 ma gidan talabijin na Fox News ya biya Dominion, kamfanin na'urorin zaɓe da ya kai ƙararsa kan ɓata suna, dala miliyan 787.5 ta hanyar sulhu, bayan saƙonnin cikin gida sun nuna abin da ma'aikatan gidan ke faɗa a tsakaninsu game da zargin maguɗin zaɓen 2020.

Masu sukar hukuncin suna da maganar da ta cancanci a saurara. Jami'i mai gaskiya da aka yi wa ƙazafi cikin sakaci zai iya fita daga kotu hannu rabbana, ba tare da an ma bayyana cewa ƙarya aka yi masa ba, kuma wannan ne ya sa Mai Shari'a Byron White, wanda yana cikin tara na 1964, ya nuna a 1985 cewa an yi kuskuren awo. Akwai kuma illa ta biyu, cewa ma'aunin da ke duba abin da ke cikin zuciyar marubuci zai iya saka wa wanda bai yi bincike ba, tunda wanda bai duba ba ba shi da abin da zai sa shi shakka. Wasu ƙasashen da suka gaji dokar Ingila sun yi nazarin hukuncin suka bi wata hanya: Kanada ta ƙi karɓar ƙa'idar a 1995, Afirka ta Kudu a 1998 da Birtaniya a 1999 suka karkata ga tambayar ko mai bugawa ya yi aiki da hankali da kulawa, Indiya kuwa ta ɗauki ƙa'ida mai kama da ta Amurka a 1994 game da aikin jami'ai. A cikin Kotun Ƙolin Amurka kanta, Clarence Thomas a 2019 da Neil Gorsuch a 2021 sun nemi a sake duba lamarin, Gorsuch yana mai nuni da cewa intanet ta sauya yadda ƙarya ke yaɗuwa da kuma yadda mutum ke zama fitacce dare ɗaya.

Na yarda da wannan damuwa game da mutumin da bidiyo ɗaya ya jefa shi bakin duniya, domin ba shi da ofis, ba shi da kakaki, kuma bai nemi kowa ya ba shi amana ba. A kansa ya kamata kotuna su ƙuntata ma'anar fitaccen mutum. Amma game da mai riƙe da muƙami ban ga abin da ya raunana hujjar Brennan ba. Ma'aunin hankali da kulawa yana da kyau a kotun da ba ta karkata, sai dai yana barin alƙali ya yanke, bayan an riga an buga, ko binciken ɗan jarida ya isa, kuma da wannan ma'aunin aka kai gaban alƙali Jones da mutanensa 12, rashin duba tsofaffin labaran jaridar kaɗai ya ishe su sake ba Sullivan dala 500,000.